Ranar da Saulosi Ya Mutu a Bama

Saulosi Nampinga bai taɓa zuwa yaƙi ba. Ko faɗan kasuwa ya hango, canza hanya yake yi. Amma in ka tambayi mutanen ƙauyen matarsa, za su ce maka ya taɓa mutuwa a Bama, ƙasar nan ta ƙetaren teku da sojojinmu suka je yaƙin duniya na biyu, sannan su nuna maka shi can bakin fadama yana ban ruwa ga kabewa.

A wajenmu namiji ke bin mace. In ka yi aure sai ka saɓa fartanyarka ka tafi garin matarka, a nuna maka inda za ka gina ɗaki, a nuna maka gonar da za ka noma, kuma ba taka ba ce. 'Ya'yan da ka haifa na dangin uwarsu ne. Haka Saulosi ya zo daga wani ƙauye na bakin tafkin Chilwa tun kansa na baƙi, ya auri Nachisale, suka haifi Dalitso da ƙannensa, ya yi furfura, kuma har yanzu “baƙonmu” ake ce masa. Ba da mugunta ba. Sunan ke nan.

Ya yi tsinkar ganyen taba, ya yi dakon buhuna a tasha, ya yi shekaru yana shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa duk lokacin da wani babba zai wuce. Daga ƙarshe ya samu aikin shara a gidan tarihin soja da ke cikin gari. A lokacin gidan ɗaki ɗaya ne: bindigogi masu tsatsa, takalma ƙafa ɗai-ɗai, wani ƙaho da ya lotse, da hotunan mutanen da babu wanda ya san sunansu. Masu ziyara sun fi yawa da damina, domin rufin ba ya yoyo.

Sai aka turo Lusungu Mwafulirwa, wata yarinya 'yar arewacin ƙasarmu da ta yi karatun tsara gidajen tarihi a ƙetare. Ran da ta iso ta tsaya tsakiyar ɗakin, ta juya ta kalli mai tsintsiya.

“Bambo, me kuke ji in kun shigo nan?” in ji ta. A wajenmu Bambo shi ne Baba, Mayi kuma Mama.

“Ƙura, Mayi.”

“Shi ke nan?”

“Wani lokaci ɓera.”

Ta ce ita ba ta son mutane su kalli yaƙi ta bayan gilashi. So take su shiga cikinsa, su ji shi a hanci, su fito ƙafafunsu duk laka. Saulosi ya gyaɗa kai. Tunanin wanda zai share lakar yake yi.

Akwai wani dogon sito na sojojin zamanin da a bayan gidan, nan ta ce za a gina dajin Bama. Aka saro gora daga gindin dutse aka kakkafa, aka haƙa ramin ɓuya mai lanƙwasa daga wannan ƙofa zuwa waccan, aka jera buhunan yashi. Saulosi ne mai kwaɓa laka, kullum da safe sai ya ba ta ruwa kamar shuka. Aka rataya bututu mai huji-huji a sama don ruwan sama. Ƙarar igwa kuwa, fallen kwanon rufi aka samo yana dukansa da taɓarya, ƙananan bindigogi kuma gugguru ne a cikin tukunyar ƙarfe. Lusungu ta ɗauki sautin a wayarta ta haɗa da lasifika. Don wari, ta sa aka cusa jiƙaƙƙun buhuna da busasshen kifi a ƙarƙashin katako. Kuliyoyin gari suka fara halartar yaƙin tun ba a buɗe shi ba. Sauro ma ya zo da kansa, ba a gayyace shi ba, Lusungu ta ce a bar shi.

An ɗauko tsohon soja ɗaya da ya rage a gundumar, a kan kujera, don ya ba da shawara. Ya leƙa, ya shaƙa, ya ce Bama ta fi haka wari. Aka tambaye shi yaya abokan gaba suke. Ya ce shi dai bai taɓa ganin ko ɗaya ba, ji kawai ake yi. Daga nan ya yi barci. Wannan ta rage wa Lusungu aiki, ba sai an gina abokan gaba ba.

Saura sojojinmu. An yi odar mutum-mutumi daga Johannesburg, suka iso a akwatuna, da aka buɗe sai ga irin na shagon tufafi, kumatu ja, hannu a ƙugu. Ko an sa musu kaki da hular kwano, tsayuwarsu kamar za su tambaye ka ko wandon ya yi maka. Lusungu ta ce jikin za a iya lanƙwasa shi da wuta da waya, amma kawunan sai an sake. Za ta ɗauki fuskar mutum mai rai da farin garin nan da likitoci ke ɗaure karaya da shi.

Babu wanda ya yarda. Mutum yana ba da aron gatari, yana ba da aron keke in ya matsu, amma fuska ba ka san inda za a kai ta ba. Masu gadi suka ce suna mura. Kafinta ya ce sai ya tambayi matarsa. Saulosi yana tsaye riƙe da bokitin ruwa, domin ba a ce ya ajiye ba.

Lusungu ta daɗe tana kallonsa. “Bambo, fuskarku ta kowa ce.”

Bai san ko yabo ba ne, sai ya ce ya gode.

Aka kwantar da shi a kan tebur, aka shafe shi da mai, aka sa masa karan ciyawa a hanci ya riƙa numfashi, aka zuba. Garin bai isa a ɗauki fuska biyu ba, ko da an samu mai bayarwa. Don haka duk rundunar da fuskar Saulosi ta fito. Saulosi mai ɗana bindiga, Saulosi mai busa ƙaho, Saulosi mai igiya uku yana nuna wa wani Saulosi hanya, Saulosi biyu ɗauke da gadon marasa lafiya. Kuma da yake ido rufe aka ɗauki fuskar, duk sun fito suna barci. Aka kira mai rubuta kirari a jikin motoci ya zana musu idanu a kan fatar ido. Suka koma kallon mutane kamar yanzu aka gaya musu farashin takin zamani.

Guda ɗaya ne bai buƙaci ido ba: wanda harsashi ya samu. Shi kam ya fito ba abin da za ka gyara. Lusungu ta ce a cire masa takalmi ɗaya, ta ɗauki sawun ƙafar Saulosi ta hagu, mai karkataccen babban yatsa tun ran da amalanke ta taka shi. Ta ce a shimfiɗa shi a ƙarshen ramin, daf da ƙofar fita, yadda ba mai fita sai ya bi ta kansa, ya tafi gida da abin a ransa. Babu wanda ya kawo komai a zuciyarsa. Saulosi da hannunsa ya kwantar da kansa a cikin laka, ya gyara wa kansa wuya don kada ya sage.

Ranar buɗewa aka ɗauke wuta tun da safe. Lasifika ta mutu. Aka tura Saulosi bayan bango da fallen kwano da taɓarya da tukunyar gugguru, ga famfon ruwan sama a gefensa, aka ce kada ya tsaya sai an zo an ce ya tsaya.

Kafin manyan baƙi su iso, aka ce matan coci da suka zo rera waƙa su fara shiga. Na ƙauyen Nachisale ne, cikin fararen riguna, ita dai ba ta zo ba saboda ciwon gwiwa. Suka bi ramin a jere, suna sunkuyawa in igwa ta tashi, suna gaida kowane Saulosi da suka wuce, suna dariya ƙasa-ƙasa. Har suka iso ƙarshe.

Tsohuwa Nabanda ce a gaba. Ta tsaya.

“Baƙonmu ne,” in ji ta.

“Ga yatsan nan,” in ji ta bayanta.

Wata ta sunkuya ta ƙwanƙwasa goshin da farce. “Garin ɗori ne, Mayi. Ai an faɗa mana.”

“Na sani. To sai a bar shi a buɗe, ruwa na dukansa?”

Ta kwance zaninta na sama ta lulluɓe shi. To, wanda aka lulluɓe ba a tsayawa a kansa, sai suka zauna, nan cikin lakar. Wanda kuwa aka zauna dominsa ba a yi masa shiru. Nabanda ta ɗauko waƙar da ake ɗaukowa, sauran suka amsa.

Lusungu tana leƙe ta bayan gora, hawaye na zubo mata. Ta ce wa kafinta, “Abin da nake nema ke nan. Sun shiga ciki.”

Sun shiga ɗin. Fita ce ba su yi ba. Ƙofar tana bayan gawa, gawa kuwa ba a tsallake ta, kuma ba a juya mata baya a koma kamar an zo kasuwa ba a samu abin saye ba. Duk wanda ya shigo bayansu ya ji waƙar sai ya cire hula ya nemi wuri. Kafin rana ta take, ramin ya cika daga ƙofa zuwa ƙofa, ruwan sama na zuba a kansu, igwa na tashi. Wani mai hankali ya fita ya karyo ɗanyen ganye ya shimfiɗa a kan titi, kamar yadda ake yi a san gidan rasuwa. Motoci suka rage gudu, masu keke suka sauka suna turawa. Da manyan baƙi suka iso suka ga ganye, sai suka cire huluna suka zauna a benci, suna jiran a gaya musu wanda ya rasu.

In mata suka yi wa mutum wannan waƙa, dole a sanar da dagaci, in ba haka ba laifi ne babba. Aka tashi mutum zuwa ƙauye. Bai ɓoye komai ba, har garin ɗorin ya faɗa. Amma sanarwa da kaza ake kai ta, aka kai, dagaci ya karɓa ya ba da izinin kuka. Kaza kuwa in ta shiga gidan dagaci da rana, ba ta ganin yamma.

Babu wanda ya zo ya ce wa Saulosi ya tsaya. Da masara ta ƙare, hannunsa ya mutu, sai ya rufe famfo ya fita ta ƙofar baya ya kama hanyar gida ta cikin gonaki. Rana na shirin faɗuwa ya iso, ya ga ɗanyen ganye a kan turbar gidansu. Ya cire hula. Ya ga an fito da kujerunsa waje, maza sun kewaye wuta, muryar mata na fitowa daga ɗakinsa. Gabansa ya faɗi don Nachisale, sai ya jiyo muryarta a ciki, ta fi ta kowa ƙarfi. Ya samu gefen wani gungume ya zauna, ya jira kaɗan don ladabi, sannan ya karkata ga na kusa da shi.

“Wa muka rasa?”

Mutumin ya dube shi, ya ɗan matsa ya ba shi wuri. “Sannu da aiki. Ka ci abinci?”

Mofati ne ya ba shi amsa. Shi ne shugaban masu haƙa kabari, waɗanda muke kira jikoki, su kaɗai aka yarda su yi wasa a gidan rasuwa. Ya taho da ƙasa har gwiwa, yana sakace da tsinke.

“Ga mai gayya ya iso. Baƙonmu, zo ka ɗan kwanta mu gwada, kada mu yi maka ƙarami ka yi ta ƙorafi.”

“Mofati, ga ni fa.”

“Ai na gan ka. Akuyarka ma na gan ta, ta yi kitse, Allah ya ba ka lada.”

Aka kai shi gaban Kawu Wadisoni, wan mahaifiyar Nachisale, wanda maganar dangin duka ke hannunsa. Tsoho ne mai sanyin murya, yana zaune a kujerar Saulosi mai hannu.

“Suruki,” in ji shi, “mun ji daɗin ganinka. Amma ka zo a makare.”

“Kawu, garin ɗori ne.”

“Kowa ya sani. Ba mu ce kai maƙaryaci ba ne. Amma an kai kaza, an yi kuka, an yanka akuya, jikoki sun buɗe ƙasa. Kai ma ka daɗe a garin nan. Ka taɓa ganin an mayar da kuka cikin ido?”

Gaskiya ce. Muna da hanyar buɗe makoki, muna da hanyar rufe shi, amma kakanni ba su bar mana hanyar fasa shi ba. Kabari kuwa in aka haƙa, ba a mayar masa da ƙasa babu kowa a ciki, sai ya nemi nasa da kansa.

“Gobe za mu je mu karɓo shi,” in ji Kawu. “In an rufe shi, a yi askin makoki, a sallami Nachisale kamar yadda ake sallamar kowace mace da mijinta ya rasu. Kayan mamaci kuma, fartanya da kwat da rediyo, a ba danginsa su koma da su garinsu.”

“Ni kuma fa?”

Kawu ya gyara itacen wuta. “Mun duba. Kai ne ɗan'uwansa mafi kusa. Kai za ka kai kayan.”

Saulosi ya tuna garinsu na bakin tafki. Rabonsa da can tun jana'izar mahaifiyarsa. Inda ɗakinta yake, an ce yanzu injin niƙa ne.

Maza ba sa shiga ɗakin makoki, sai ya zagaya ta taga. Nachisale na zaune a tabarma, an ɗaure mata kai, wata na matsa mata gwiwa, wata na fifita mata kunu.

“Uwar Dalitso,” ya ce a hankali.

Ta juyo. “Baban Dalitso, kun dawo? Sannunku.”

“Ki gaya musu.”

“In gaya musu me? Ai suna ganinku.” Ta kurɓi kunu. “Ku ɗan yi haƙuri. Tun da aka kawo ku gidan nan ban taɓa zama an miƙo mini abu ba. Kuma ba ku ji abin da ake faɗa a kanku ba. Ashe haka kuke? Da na sani ai da na riƙa sa muku mai a miya.”

“Za su sallame ki.”

“Haka na ji.” Ta sauke murya. “To ku yi wani abu mana. Ni mai takaba ce, ba na magana da maza.”

Da gari ya waye aka ga itace ya ƙare. Faskare a gidan rasuwa aikin surukai ne, sai aka miƙa wa Saulosi gatari. Ya yi, domin ba a taɓa cewa ya yi abu ya ƙi ba. Da ya gama aka ɗora akwatin gawa a amalanke, an yi shi daidai tsawonsa, aka kama hanyar gari. Kawu a gaba, Mofati na kora shanu, Saulosi a baya yana tare akwatin kada ya zame.

Suka tarar da gidan tarihin yadda aka bar shi. Matan coci sun kwana a Bama, suna karɓa-karɓa, an kafa murhu a bayan buhunan yashi ana tuƙa tuwo, wata ta rataya tawul a bakin bindigar wani Saulosi. Lusungu na zaune a bakin ƙofa, idanunta sun yi ja.

“Mun zo ɗaukar namu,” in ji Kawu bayan an gaisa.

“Bambo, ba naku ba ne. Ba na kowa ba ne. Sojan da ba a san shi ba ne, shi ya sa aka yi shi.”

“Ke ce ba ki san shi ba, 'yata. Mu da shi muke cin tuwo.”

“Wata nawa na yi ina gina wurin nan. In kuka ɗauke shi, me mutane za su zo gani?”

“Su ma waɗannan gani suka zo,” in ji Mofati, “ga shi har sun kawo tukwane.”

Saulosi ya so Lusungu ta ci gaba da ƙi. Amma ya ga tana kallon tawul ɗin nan, ya san ba za ta daɗe ba.

Suka shiga ramin, mata suka janye ƙafafu. Kawu ya durƙusa da ƙyar ya ɗaga zanin Nabanda daga fuskar.

“Suruki, zo ka duba, don kada a ce an yi maka ƙarfa-ƙarfa. In ba kai ba ne, wane ne?”

Saulosi ya sunkuya. Shi ya kwantar da abin nan, shi ya shafa masa laka, amma bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba, kuma gidansu madubin Nachisale ne. Ya ga faɗin goshin, ya ga kunnuwan da suka ɗan buɗe kamar hannun tulu. Irin na gidan mahaifiyarsa ne. Sai ya tuna takan ce tana da wa, wanda wata shekara ya hau babbar mota tana ƙarama, bai dawo ba. Wasu sun ce soja ya shiga. Wasu sun ce haƙar zinariya ya tafi. Wasu kuma sun ce wata mata ya bi zuwa Beira.

“Kawuna ne,” in ji Saulosi.

Waƙa ta tsaya.

“Wan mahaifiyata. Ya tafi da sojoji, ba a kawo shi ba. Ba a taɓa yi masa zama ba.”

“Yatsan fa?” in ji Nabanda.

“A danginmu yake.”

“Ni ina wurin amalanke ta taka ka,” in ji Mofati.

“Shi ma ta taka shi.”

Kawu ya daɗe yana kallon fuskar da ke ƙasa, ya ɗago ya kalli ta sama. “Sunansa?”

“Kawu muke ce masa.”

“Kawu sunan kowa ne. Ni ma Kawu ne.”

Saulosi ya sake kallon fuskar. “Andireya,” ya ce, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Ko sunan ke nan, ko wani ne ya zo wucewa ya kama, wanda zai faɗa ya riga mu gidan gaskiya.

Kawu Wadisoni ba mugu ba ne, hanya ce bai gani ba. Yanzu ga ta an nuna masa: kaza ba ta tafi banza ba, kukan ya samu mai shi, ƙasa za ta rufe. Abu ɗaya ne ya tsaya masa. Maƙabartar ta dangi ce, kuma wanda yake da nasa a kwance a ƙasarku, ba ka sake ce masa ya tattara ya tafi, ko da wane dalili. Ya faɗi haka a fili, don kowa ya ji abin da ake shirin yi.

“Rami ba ya tambayar dangi,” in ji Mofati. “Kuma ni ba zan haƙa wani ba, akuyar ta ƙare.”

Kawu ya mayar da zanin. Ya miƙe, ya kama hannun Saulosi da hannu biyu. “Sannu da rashi, suruki. Ya daɗe a hanya.”

Lusungu ta rufe fuska da tafin hannu, daga baya ta ce su ɗauka, amma su bar mata kakin, na gaske ne. Ta ce tana da sauran gari kaɗan, za ta zuba wani.

Saulosi ya matso kusa da ita. “Mayi, in kin zuba, a zaunar da shi. Kawuna ɗaya ne.”

Haka aka yi. Sabon yana nan har yau a ƙarshen ramin, jingine da buhun yashi, an naɗe masa kai da bandeji, ido a zane. Mutane sukan tsaya su yi masa sannu da jiki, wasu su ajiye masa ayaba. Masu gadi ba su taɓa kai ƙara ba.

Shi kuwa Andireya, da aka zo sa shi a akwati sai hannunsa ɗaya ya ƙi shiga, domin a miƙe aka yi shi. Aka ce ɗan'uwa ne ke gyara nasa. Saulosi ya karɓi zarto ya juya wa mutane baya.

A bakin kabari, dattijon coci ya tashi ba da tarihin mamaci. Tun jiya ya shirya maganarsa, ya bi gida-gida ya tattaro, kuma ba mutum ne mai son ɓarna ba, sai ya canza suna kawai. Ya ce marigayi Andireya mutum ne da ba a taɓa jin muryarsa a sama ba. Ya ce bai taɓa hana aron fartanya ba, ko da shi ma ranar zai yi noma. Ya ce shekarar da kogi ya cinye gada, shi ya riƙa goya tsofaffi yana haye da su, bai gaya wa kowa ba. Ya ce duk rufin da ba ya yoyo a ƙauyen nan, hannunsa ne. Mata suna gyaɗa kai, wasu na share ido. A ƙarshe ya ƙara cewa ya kuma je Bama.

Saulosi na tsaye a gaba, wurin 'yan'uwa, yana ji ana kwashe masa duk abin da ya tara ana zuba wa wani a rami. Ya buɗe baki sau ɗaya. Sai ya hangi Kawu na kallonsa, ya rufe. Aka miƙa masa ƙasa ya fara zubawa.

Washegari aka yi masa aski, shi kaɗai. Da yake yanzu shi ne mai rashi, shi aka zaunar a tabarma aka miƙo wa kunu, Nachisale kuma aka kwance mata ɗaurin kai aka nuna mata murhu. Ta yini tana tuƙi da ciwon gwiwarta, ba ta ko kalli inda yake ba.

Da yamma, da baƙi suka watse, ta zo ta tsaya a kansa tana goge hannu da bakin zani. Ta kalli ƙoƙon kansa da aka aske, ta kalli kunnuwan.

“Kawun nan naku mutumin kirki ne,” in ji ta.

“Haka aka ce.”

“Ba ku biyo shi ba.”

Saulosi ya kurɓi kununsa.

Ta ɗauke kwanon kunun daga gabansa, ta juya za ta shiga ɗaki, sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, “Ruwan wankanku na bayan gida. Kada ku bari ya huce, ba zan sake ɗorawa ba.”